Baƙin Littafin Madam Ketura

Gambo masinja ne ya fara ganinta. Ya dawo daga masallacin Juma'a da darduma a kafaɗa, yana sauri ya ce wa Madam Ketura ta tashi ta je ta ci abinci tunda ya dawo, sai ya tarar da ƙofar ofishin rajistar kotu a hangame, fanka tana juyawa, takardu suna yawo a ƙasa. Da ya leƙa bayan tebur, ihun da ya kurma sai da masu Keke Napep suka ji shi a bakin titi.

Tana kwance rigingine tsakanin kujera da kabad. An soke ta sau uku a ƙirji. Tafin hannunta na dama a yanke yake har ƙashi, alamar ta cafke kaifin wuƙar ta ƙi saki. Jini ya malale ya bi ƙarƙashin tebur har kusa da bakin ƙofa. A kan teburin kuwa ga baƙin littafi a buɗe, an farke masa ciki.

Babu wanda yake aiki a kotun nan da bai san baƙin littafin ba. In kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke Abuja ya dakatar da lauya, ko ya soke sunansa gaba ɗaya, takardar hukuncin hannun Madam Ketura take zuwa. Ita ce magatakardar da ke shigar da sunan mutum a littafin, tare da ranar da aka yanke masa hukunci. Daga nan babu alƙalin da zai ƙara sauraren sa, ko gaisuwa ya tashi yi. Shekara goma sha tara tana riƙe da littafin, ba a taɓa jin ta ɓoye sunan ɗan uban kowa ba. Kuma kowa ya san sunan da ta rubuta da safiyar ranar: Barista Mikail Ajimi, dakatarwar shekara biyu, saboda ya sa wani ya dangwala yatsa a madadin mamaci a takardar rantsuwa.

To, mutanen gari in sun samu suna ai ba sa jiran alƙali. Kafin La'asar an fito da Mikail daga ofishinsa na unguwar Moduganari ana jan sa da ƙafa. Aka fasa masa kai da bulo, aka zubar masa da haƙora biyu, wani ya rataya masa taya a wuya, wani ya ruga neman fetur. A gaba-gaba akwai mijin marigayiyar, Mshelia, tsohon soja, yana dukan sa da gora ba ya ko magana. Ba don Sufeto Garzali ya iso ya harba bindiga sama har sau huɗu ba, da gawayi kawai za a kwasa a wurin.

Da ake jefa Mikail a bayan mota, Mshelia ya matso ya ce wa Sufeto a hankali, "Ka ajiye shi da kyau. Ko ku rataye shi, ko ni in yi da hannuna."

*

Labari ya samu mahaifin Mikail, Ba Ajimi, wato Baba Ajimi, a ƙofar gidansa a Bolori yana gyaran igiyar akuya. Tsoho ne siriri, ɗan ƙasar Gubio, wanda ya yi shekara arba'in yana bin sawun shanun sata kafin rikici ya koro shi cikin gari. Mutum ne da zai dubi ƙasa ya gaya maka raƙumin da ya wuce makaho ne a ido ɗaya, kuma in an kamo raƙumin ka tarar haka ne. 'Yan sanda sun sha aiko masa da mota. Yau shi ya tafi wurinsu da ƙafarsa, ko hula bai tsaya sawa ba.

Mikail shi kaɗai ne ya rage masa. Sauran 'ya'yansa maza biyu an yanka su a gona shekarun baya, a gabansa.

Sufeto Garzali, Bakano ne mai ƙaton ciki da saurin fushi, amma yana ganin girman tsohon. Ya ba shi kujera ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Mutum uku sun gan shi ya shiga ofishinta wajen ƙarfe sha biyu. Sunansa aka rubuta, littafin aka yaga. Ranar Litinin zan kai shi gaban alƙali da tuhumar kisan kai, kai ma ka san ƙarshenta igiya ce."

"Ka bar ni in ga wurin."

"Haba Baba, uban wanda ake tuhuma? Doka ba ta san wannan ba."

"Sufeto, sau nawa ka kira ni? Akwai ranar da na nuna maka sawun da ba shi ba?"

Garzali ya sosa ƙeya. "In kuma na ɗanka ne fa?"

Tsoro ne fal cikin Ba Ajimi, don shi kansa bai san abin da zai gani ba. Duk da haka ya ce, "In nasa ne, daga bakina za ka fara ji."

*

Wallahi abin da 'yan sanda suka yi wa ofishin nan, ko garken shanu ba zai yi ba. Sawun takalminsu na but ko'ina, wani ma ya taka jinin ya fita da shi har baranda. Ba Ajimi ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tsaki mai tsawo, Garzali ya kau da kai.

Tsohon ya durƙusa ya sa kunci kusa da siminti, yana kallon ƙurar daga gefe. Bai daɗe ba gabansa ya faɗi. Ga shi nan a gaban tebur, takalmi sau-ciki, diddigen hagu ya ci ta waje. Tun Mikail yana tatata haka yake taka ƙafar hagu.

"Na ɗana ne," ya ce.

Garzali ya yi ajiyar zuciya. Amma tsohon bai tashi ba. Ya bi sawun da yatsa har inda jini ya kwanta, ya ce, "Duba nan. Jinin ne ya hau kan sawun, ba sawun ya hau jini ba. Ya tsaya a nan, ya daɗe, ya juya ya fita. Lokacin ƙasa a bushe take."

"Zai iya dawowa ai."

"Zai iya."

Ya zagaya bayan tebur da rarrafe. A lungun kabad, inda ƙaton but bai iya shiga ba, ya ga wani abu dabam. Sawun ƙafa ne tsirara, babu takalmi, an taka shi cikin jini. Ƙafar dama ce ta babban mutum mai nauyi. Ƙaramin yatsan bai taɓa ƙasa ba sam, a diddigen kuma akwai tsagar kaushi mai reshe biyu. Ya sa Garzali ya ɗauki hotonsa da waya.

"Wa ya shigo nan ba takalmi?"

"Oho. Wataƙila masinjan ne, ko ya yi alwala."

Ba Ajimi ya fita baranda. A gefen ƙofa, jikin bango, inda ba a takawa, ƙura ta nuna wurin da aka ajiye takalma biyu masu faɗi, an jera su kafaɗa da kafaɗa, tsaf-tsaf. Ya tsaya yana kallon su. Mai son ya yi sanɗa yakan riƙe takalminsa a hannu ko ya yar da shi ko'ina. Wannan kuwa jera su ya yi.

Sai ya ɗaga baƙin littafin. Shi ba ya karatun boko, amma yana iya ƙirga. Shafi goma sha ɗaya aka fizge a tare, har zaren ɗinkin ya fito.

"Sunan yaron nan shafi nawa ya ci?"

"Layi ɗaya ne ma, Baba."

*

Da safiyar Asabar aka fito masa da Mikail daga bayan kanta. Da ƙyar ya gane ɗansa. Fuska ta kumbura suntum, ido ɗaya a rufe, farar rigar ta koma ja. Tsohon ya ji kamar ya rungume shi, amma ya daure.

"Me ka je yi wurinta?"

"Roƙonta na je yi, Ba. Na ce ta jinkirta rubutawa ko da mako biyu ne. Ta ce ai ta riga ta rubuta, kuma ko ba ta rubuta ba, ba za ta jinkirta ba. Na fita na bar ta tana shan shayi. Wallahi tallahi da ranta na bar ta."

"Tun yaushe ka san an dakatar da kai?"

Mikail ya sunkuyar da kai. "Wata guda ke nan. A gabana aka karanta a Abuja."

"Wata guda! Kana fita kullum da baƙar riga da hular gashi, kana ce min ka tafi kotu?"

"Takardar ba ta iso ba tukuna, Ba. Na ce kafin ta iso in ƙarasa shari'un da ke hannuna."

"Ka gaya wa wani ta iso?"

"Ban gaya wa kowa ba."

Ba Ajimi ya ce ya tuɓe ƙafarsa. Ya duba diddigen, sumul yake, ƙafar mai safa. Ya sauke ta a hankali.

Daga nan aka kawo Gambo masinja, wanda shi ma aka tsare saboda an ga jini a rigarsa, kuma an ce ranar Laraba Madam ta yi masa faɗa a gaban mutane. An yi masa lilis, yana tafiya yana dafa bango, bayansa duk sawun bulala. Yana ganin tsohon ya fashe da kuka.

"Baba, ɗaga ta na yi in ga ko da sauran numfashi, shi ne jinin! Faɗa kuwa kullum sai ta yi min, kuma kullum sai ta raba abincinta da ni."

Ƙafarsa 'yar ƙarama ce, shimfiɗaɗɗiya, yatsu biyar duk suna taka ƙasa. Ba Ajimi ya dubi Garzali da wani irin kallo, Sufeto ya shiga duba wayarsa.

"Gaya min, ɗana. In aka yaga littafin nan, hukuncin ya mutu?"

Gambo ya share hanci, har ya kusa yin dariya. "Ina! Ai littafin ɗaya ne cikin uku. Da zarar Madam ta rubuta, sai ta buga hatimi a kan kwafi-kwafi, ni in kai wa kowane alƙali nasa ya sa hannu ya karɓa. Ɗaya kuma a liƙa a allon sanarwa. Ni da kaina na gama rabawa jiya tun ƙarfe goma. Asalin takardar ma tana Abuja. Ko ƙona kotun aka yi, sunan yana nan."

"Lauya ya san haka?"

"Ko ɗan koyon lauya ya sani."

A waje Ba Ajimi ya ce wa Garzali, "Wanda ya yi wannan bai san aikin kotun nan ba, kuma bai iya karatu ba, shi ya sa ya damƙo shafi goma sha ɗaya ko Allah zai sa ya dace. A tunaninsa in takarda ta ɓace magana ta mutu."

"Baba, wannan hasashe ne. Ni mutum nake so. Akwai wata mata ma, Kellu, da ta zo kotun makon jiya tana tsine wa marigayiyar. Je ka gan ta in kana so, ni dai Litinin tana nan."

*

Ya Kellu tana zaune a wata rumfar kwano a bayan gidan maƙwabta a Moduganari, tukwanenta da katifarta a jibge a gefe. Dattijuwa ce, goshinta da sabon ɗinki.

"Wushe, Ya Kellu," Ba Ajimi ya gaishe ta da yarensu.

"Wushe. Kai ne uban lauyan? To zauna ka ga aikin ɗanka." Ta nuna wani gida mai koren ƙyaure a tsallaken hanya. "Shekara talatin ina cikinsa. Mijina ya gina shi. Yana rasuwa Alhaji Kolomi dillalin filaye ya fito da takarda wai an sayar masa. Ɗanka ya tsaya masa a kotu, mako uku ke nan, suka cinye ni. Aka zo da ƙarti aka watso min kaya titi. Na riƙe ƙyaure, wani ya buga min kai da bango."

Kunya ta rufe Ba Ajimi, ya rasa inda zai sa idonsa. "An ce kin tsine wa Madam Ketura."

"Na tsine mata, don hatiminta na gani a takardar korar. Allah ya yafe min." Sai hawaye. "Ranar Alhamis da yamma matar nan ta zo har rumfar nan da ƙafarta. Ta ce, Mama, ki zo kotu Litinin. Ta ce takarda ta iso, ashe ranar da lauyan ya tsaya a kaina an riga an dakatar da shi, ba lauya ba ne a ranar. Ta ce duk abin da ya yi daga ranar hukuncinsa rusasshe ne, za a sake shari'ar daga farko. Ni zan kashe wadda ta kawo min wannan?"

Ba Ajimi ya gyara zama. "Shi Alhaji Kolomin, wane irin mutum ne?"

"Munafuki! Ɗan unguwar Shehuri ne, a bakin zaurukan manya ya girma. In ka gan shi gaban hukuma sai ka rantse waliyyi ne. Ko ɗakin mai gadin kotu zai shiga sai ya tuɓe takalmi ya jera su a bakin ƙofa, yana durƙuso yana alanguburo, alanguburo, wato ranka ya daɗe. Har lauyoyi suna yi masa dariya. Amma ɗakina da takalmi ya shiga, ya taka min sallaya."

Tsohon ya matso kusa da ita. Ya ce, "Sake faɗa min. Ya jera su?"

"Tsaf-tsaf, kamar zai sayar."

*

Ba Ajimi yana isa Bolori ya tarar da Mshelia a ƙofar gidansa, idanu jajur. Bai yi sallama ba, ya shaƙo wuyan rigar tsohon ya maka shi da bango, har akuyar ta tsinke igiya.

"An ce kana yawo kana neman wanda za ka liƙa wa, don ka fitar da ɗanka. Matata tana mutuware, tsoho! 'Ya'yana huɗu suna tambayata!"

Ya kai masa mari, leɓen tsohon ya fashe. Maƙwabta suka taso da sanduna, Ba Ajimi ya ɗaga musu hannu su tsaya. Ya tofar da jini ya ce, "Na san abin da kake ji, an yanka min biyu. Gobe bayan La'asar ka zo zauren Bulama, mai unguwar Shehuri. In na nuna ƙarya, ga wuyana, ba sai ka je neman na yaron ba."

Mshelia ya daɗe yana huci a fuskarsa, sannan ya sake shi ya tafi.

*

Garzali ne ya shirya taron, da sunan za a sasanta maganar gidan Ya Kellu kafin Litinin. Tun Azahar Ba Ajimi ya je zauren Bulama, mai unguwar, ya roƙi a naɗe tabarmin bakin ƙofa. Ya share yashin da hannunsa, ya yayyafa ruwa, ya lallaɓe shi ya yi laushi. Zauren Bulama dai ba a shiga da takalmi, ko kai wane ne.

Aka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana tsugune a gefen ƙofa kamar mai jiran sadaka. Gambo ya shigo yana ɗingishi. Ya Kellu ta shigo. Aka shigo da Mikail da ankwa a hannu. Mshelia ya shigo ya tsaya a jikin bango, ya ƙi zama.

Can sai ga Alhaji Kolomi, ƙato, cikin babbar riga ruwan toka, ƙamshin turare yana gaba yana biye. Ya tsaya a bakin ƙofa ya zare takalmansa masu faɗi, ya sunkuya ya jera su a jikin bango. Ya shigo yana rusunawa. "Alanguburo, Bulama. Alanguburo, Sufeto."

Ba Ajimi bai dubi fuskarsa ba ko sau ɗaya. Yashi yake kallo. Ƙafar dama, yatsu huɗu, na biyar bai sauka ba. A diddige tsaga mai reshe biyu, ta fito raɗau kamar an zana. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa, ya ce a ransa, Alhamdulillahi, yaron ya tsira.

"Kada kowa ya motsa," ya ce. "Sufeto, kawo hoton da ka ɗauka a lungun kabad."

Garzali ya durƙusa da wayarsa a gefen sawun. Ya duba hoto, ya duba yashi, ya sake dubawa. Bulama ma ya taso ya leƙa, ya ce, "Innalillahi."

"Mene ne haka?" in ji Alhaji Kolomi, yana murmushin da bai kai ido ba. "Ba maganar gida aka kira mu ba?"

"Maganar gidan ce," Ba Ajimi ya ce. "Ka ji in sunan lauyanka ya shiga littafi, gidan ya kuɓuce maka. Ka je lokacin da kowa yake masallaci. Ka zo kisan kai, Alhaji, amma da ka ga ƙofar ofishin hukuma jikinka ya yi abin da ya saba, ka tuɓe takalmi ka jera. Ta hana ka littafin, ka soke ta. Ka rasa wane shafi ne, ka damƙo goma sha ɗaya. Kuma duk a banza, don tun ƙarfe goma takardar tana teburin kowane alƙali."

"A banza?" Kalmar ta fita daga bakin Kolomi kafin ya kama ta.

Sai ya zabura. Hannunsa ya shiga hannun riga ya fito da wuƙar damtse, ya yi kan ƙofa, tsohon kuwa yana kan hanya. Ya kai masa sara, wuƙar ta tsarge kafaɗar Ba Ajimi, jini ya yi tsartuwa a yashi. Kafin ya sake ɗagawa Mshelia ya dira a kansa. Ya kama hannun ya murɗe shi ta baya, aka ji ƙashi ya yi ƙas, wuƙar ta faɗi. Ya kifa shi ƙasa ya dinga buga fuskarsa da dokin ƙofa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, hanci ya fashe, haƙora suka zubo. Sai da 'yan sanda uku suka taru, da Garzali ya sa masa bakin bindiga a kunne, sannan aka ɓamɓare shi.

Garzali ya share gumi, ya ciro makulli ya buɗe ankwar Mikail ya maƙala wa Kolomi a hannun da bai karye ba. Ya ce, "Barista, ka gode wa Allah, ka gode wa tsohonka. Dakatarwarka tana nan, gobe za a sake rubuta ta a sabon shafi, kuma za ka amsa tambayar tsayawa a kotu bayan hukunci. Amma igiya ta wuce ka."

Mikail ya rarrafo ya kama ƙafar ubansa yana kuka. Ba Ajimi ya dafa kansa da hannu mai jini. Tun ranar Juma'a sai yanzu ya ji numfashinsa ya kai ciki.

Daga ƙasa Kolomi ya ɗago fuska jina-jina, yana magana jini na fita. "Shi za ku saki? Wa ya kira ni ranar Juma'a? Wa ya ce min littafin yana kan teburinta, in dai sunan ya tsaya gidan ya tafi?"

"Rufe mana baki!" Garzali ya daka masa tsawa. Ya matso kusa da tsohon ya rage murya. "Baba, maganar wanda ya ga mutuwa ce, kowa zai jawo. Ba sai na rubuta ba. Ɗauki ɗanka ku je a ɗinke maka kafaɗa."

Ba Ajimi bai motsa ba. Ya ɗago haɓar Mikail da yatsa.

"Ka ce min ba ka gaya wa kowa ba."

"Ba, faɗa kawai na yi masa don ya san halin da ake ciki. Ban ce ya taɓa ta ba, wallahi ban ce ba."

"Kai ka san yaga littafi ba ya kashe hukunci. Ka gaya masa haka?"

Mikail ya kau da ido.

"Mutumin nan ba ma'aikacin kotu ba ne. Wa ya gaya masa lokacin Juma'a ita kaɗai ake bari a ofis?"

"Ba..."

"Wa ya gaya masa?"

"Na ɗauka tsorata ta kawai zai yi, ta janye takardun. Na rantse da Allah, Ba, tsoratarwa kawai."

Ya Kellu ta ɗora hannu a ka. Mshelia, da ke riƙe a hannun 'yan sanda, bai ko yunƙura ba, kallon tsohon kawai yake yi.

Ba Ajimi ya ji duniyar ta yi masa duhu. Kwana uku yana rarrafe a ƙasa don yaron nan, ya sha mari, ya sha wuƙa, kuma ya fitar da shi. Ga ƙofa nan a buɗe, Sufeto da kansa ya ce su tafi. Shi kaɗai ne ya rage masa, kuma yana son sa kamar ransa.

Ya kama hannayen Mikail biyu ya haɗa su, ya miƙa wa Garzali.

"Sufeto, akwai wata ankwar?"

"Baba, ka san abin da wannan yake nufi? Haɗin baki ne a kisan kai."

"Na sani. Ka rubuta duk yadda ya faɗa, ni ne shaida."

"Ba! Ba, kada ka yi min haka! Ni kaɗai gare ka!"

"Kai kaɗai gare ni," tsohon ya ce, hawaye suna bin gemunsa. Bai saki hannayen ba sai da ƙarfen ya rufe a kansu.